Kafin Allura Ta Dawo Masa da Murmushi

Talata, 8 ga Yuli, bayan la'asar

Inna ta zo da motar haya ta tafi da Yaya Amir Beji. Ban hana ba. Wa zai shiga tsakanin uwa da ɗanta, balle ni da ko shekara ban rufa a gidan miji ba?

Da takunkumi ya fita, da baƙin gilashi, kamar ɗan fim mai ɓuyar wa masoya. Na zuba masa ƙwayoyin asibiti a aljihun jaka, da maganin ɗigawa, da filasta. Na bi Inna har bakin mota ina ce mata idon hagun ba ya rufuwa da kansa, sai an ɗiga magani an manne fatar kafin ya kwanta. Ta ce, "Na ji, 'yar nan. Da idon na haife shi."

Bai waiwayo ba. Na san dalili, amma sanin dalili ba ya rage faɗin ɗaki.

Laraba, 9 ga Yuli, da hantsi

Bari in rubuta yadda abin ya zo, ko zuciyata ta bar ni in share tsakar gida.

Ranar Juma'a da asuba yana alwala, ya guntsi ruwa zai kuskure baki, ruwan ya zubo ta gefe guda ya jiƙa masa riga. Da ya juyo, ɓangaren hagu na fuskarsa ya sauka kamar labulen da ƙusarsa ɗaya ta fita. Likita ya ce ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, jijiyar fuska ce ta kumbura. Ya ce yawancin mutane tana dawo musu, amma ba zai iya sa rana ba. Inna kuwa ta ce iska ce ta mare shi, don ta sha gaya masa ba a yin fito da magariba.

Ba ta ce don wa yake fiton ba. Ba sai ta faɗa ba. Duk layinmu a Tudun Wada an san in ya rufe shagon askinsa na Dutsen Kura, daga kwanar mai gasa masara yake fara fito, don in zare sakata kafin ya iso.

Yanzu ko shayi ba ya iya hurawa. Mutumin da ke wuni tsakanin madubai, shi ne ya sa na kife na ɗakinmu.

Alhamis, da magariba

Na zare sakata. Sai da na zare na tuna.

Asabar, 12 ga Yuli, bayan azahar

Akwai maganar da ban gaya masa ba. Ana gobe abin zai same shi na sani: layi biyu a ɗan tsinken gwajin ciki da na sayo a kemis. Na ce sai ranar Juma'a, in yi lalle, in daka sakwara, in sa atamfar da yake so.

A duk littattafan da na karanta, in matar ta faɗa, mijin yakan yi shiru tukuna, sannan murmushi ya taso daga idonsa ya sauko har baki. Tun ina gidanmu nake shirya wannan wurin a raina. Nawa mijin kumatunsa na loɓawa in ya yi dariya. Na hagu.

Albishir na farko sau ɗaya ake yin sa. Ba zan ajiye shi gaban fuskar da ba za ta iya amsawa ba, ya ji kunya, ni ma in ji. Zan jira.

Lahadi

Ba ya ɗaga waya, sai dai ya rubuto. Ya ce maganarsa na fita kamar ta mai zazzafan dankali a baki. Na tambaye shi wa ke manne masa ido. Ya ce shi da kansa, da laluben hannu. Inna tana yi masa hayaƙi safe da yamma, da wani mai da ake shafawa. Na ce ƙwayoyin fa? Ya ce yana sha, 'yar littafi, ki daina damuwa.

Na karanta "'yar littafi" har allon wayar ya mutu.

Ƙamshin daddawar maƙwabta ya fitar da ni bayan gida sau biyu yau.

Talata, 15 ga Yuli, da yamma

Yona ya zo, abokin aikinsa a shago. A ƙofar gida ya tsaya, da doya biyu a leda.

Ya ce, "Madam, tunda oga ya tafi ni kaɗai nake ɓata kawunan Dutsen Kura. Jiya wani tsoho ya ce gara ya tara gashi kamar Bob Mali da in taɓa masa gemu."

Na yi dariya, ta farko tun ranar.

Sannan ya zaro wata takarda mai kala daga aljihu. Wani mutum ne a hanyar Bosso, wai ya yi karatu a ƙasar Sin, yana soka wa mutane siraran allurai a fuska, ba ruwan magani a cikinsu, jijiya kawai suke tasarwa. A ƙasan takardar an rubuta da jan baƙi: binciken likitoci ya tabbatar, casa'in da biyar cikin ɗari, cikin sati biyu.

Yona ya ce ya riga ya tura wa oga hotonta.

Kafin in rufe ƙofa saƙo ya shigo: "Ki kai wa Anti Rhoda ta duba. In gaskiya ne zan dawo gida in riƙa zuwa daga nan. In ba haka ba, ba zan shigo gari a riƙa kallona ba."

Zan dawo gida. Sauran kalmomin sai daga baya na gan su.

Laraba, da safe

Sati biyu. Na duba kalanda. Lallena zai iya kamawa kafin nan.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan la'asar

Anti Rhoda ƙofarta na kusa da tawa, katanga ce kawai ta raba mu. Nas ce, 'yar Kafanchan, tana ƙarin karatu, kullum da kwamfuta a cinya in an kawo wuta. Ta karanta takardar, ta taɓe baki, ta ce, "Amarya, zauna. Binciken likitoci ba mutum ba ne da zai tabbatar. Mu nemo shi mu ji daga bakinsa."

Ta nemo rahotanni da yawa, yawancinsu daga ƙasar Sin, duka da Turanci, tana karantawa tana juya mini. Da farko ta bayyana mini yadda ake gwaji na gaskiya. Ana raba marasa lafiya gida biyu da ƙuri'a, a yi wa waɗannan allura, a bar waɗancan da maganin da aka saba. Wanda zai auna fuskokin daga baya kada ya san wa aka yi wa me, don ido yana ganin abin da yake so. Ta ce wannan ciwo ma ya fi buƙatar haka, tunda da yawa suna warkewa ko ba a yi musu komai ba, sai allura ta karɓi godiyar da ba tata ba.

Na ce to waɗannan sun yi ƙuri'ar?

"Sun ce sun raba. Yadda suka raba, ba su faɗa ba."

"Mai aunawar fa, ya sani?"

"Ba su faɗa ba."

Ta buɗe wani. Ta ce wannan mutum sittin suka fara da su. Ta gangara ƙasa, ta yi tsaki. A teburin ƙarshe hamsin da biyu ne.

Na ce sauran takwas ɗin fa?

"Ba su faɗa ba."

"Warkewa suka yi suka tafi?"

"Ko zafi ya ishe su, ko sun ga ba canji, ko sun koma ƙauye. Amarya, ba su faɗa ba."

Na ce amma sun rubuta an warke. Ta ce e, sai dai abin da suke kira warkewa ma kowa da nasa. Wani in gira ta ɗan motsa ya sa mutum cikin waɗanda suka ji sauƙi. Na ce murmushi nake tambaya, Anti, yaushe yake dawowa, da loɓawar kumatu.

Ta cire gilashinta ta dube ni. Ta ce, "Wannan aman da nake ji ta katanga ba na maleriya ba ne. Ya sani?"

Na girgiza kai.

"Kai, 'yan littafi! Allah ya shirye ku."

Juma'a

An yi ruwa tun safe. Ban buɗe littafi ba.

Asabar, 19 ga Yuli, da hantsi

Mutanen nan takwas sun hana ni sakat.

Na taɓa karɓar hayar wani littafi a kasuwa, marubuciyar ta kai ƙanwar jarumar tasha a babi na uku, ta sa ta a mota, shi ke nan, har aka gama ba a sake jin ɗuriyarta ba. Mu uku muka yi fushi a ajinmu, muka daina karanta ta. Ashe likitoci ma suna barin mutane a tasha.

Ina ta ba su fuskoki. Ɗaya malamar makaranta ce da yara ke kwaikwayon bakinta. Ɗaya tsoho ne, ya ce shi ya gaji. Ɗaya ango ne. Wataƙila matarsa tana can har yau tana jiran a gaya mata.

Da an rubuta ko da layi ɗaya ne: wane ya daina zuwa saboda kaza. Ba zan ji haushi ba in labarin bai yi daɗi ba. A dai gaya mini.

Litinin, 21 ga Yuli, bayan azahar

Anti ta kira ni ta taga. Ta samo wani rubutu na masana da suka tattara irin waɗannan rahotanni suka yi musu maki kamar jarrabawa. Abin da muka gani su ma shi suka gani: da yawa ba sa faɗin yadda aka yi rabon, ba sa faɗin ko an sami wanda allurar ta cutar, wasu ko zurfin sokawar da ƙwarewar mai sokawa ba sa rubutawa, yadda wani zai iya maimaitawa.

Na ce wato ƙarya ce?

Ta ce, "A'a, kar ki sa mini magana a baki. Ba su ce ba ta aiki ba. Cewa suka yi labarin na da giɓi, ba a iya rantsuwa a kansa. Zai yiwu tana taimakawa. Zai yiwu lokaci ne ke aikin."

Zai yiwu. Me zan dafa da zai yiwu?

Ya rubuto yana tambaya. Na ce muna kan dubawa.

Laraba, 23 ga Yuli, da yamma

Mun je wurin mai allurar, ni da Anti, a Keke. Na zaci zan tarar da ɗan damfara in huta. Dattijo ne mai natsuwa, ɗakinsa fes, allurai sabbi a cikin takardarsu, sirara kamar gashin jela. Ya ba mu kujera, ya ba mu ruwa.

Anti ta ajiye takardar a gabansa ta ce, "Baba, wannan casa'in da biyar ɗin daga ina?"

Ya ce daga rahotannin can ne. Ya ɗan yi murmushi ya ce mai buga takardar ne ya nace, wai in ba lamba mutanen Minna ba sa karantawa.

"Naka marasa lafiyar fa?"

"Waɗanda suka ji sauƙi suna dawowa da godiya, har da kaza. Waɗanda suka daina zuwa, Sista, ban bi su gida ba."

Shi ma yana da nasa takwas ɗin ke nan.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, in mutum ya fara yau, yaushe zai yi murmushi?"

Ya ce, "'Yata, na ga na sati uku, na ga na wata shida, na ga wanda ya rage masa kaɗan har yau. In ya zo zan yi iyakar yina. Rana kuwa ba a hannuna take ba."

A hanyar dawowa muka tsaya jirgin ƙasa ya wuce. Na yi ta ƙirga taragu don kar in yi kuka a gaban mai Keke.

Alhamis, da safe

Na rubuta: "Anti ta duba, gaskiya ne, ka taho." Na daɗe da yatsa a kai.

Kalma bakwai, gobe war haka yana ɗakin nan. Ni zan manne masa ido. Zan ji tarinsa a banɗaki.

Sai na hango ranar da sati biyun za su cika, ya juyo da madubin da na kife.

Na goge.

Alhamis, bayan la'asar

Na yi masa saƙon murya, don kar ya ce rubutu ya ɓoye wani abu. Na gaya masa komai: ƙuri'ar da ba a faɗa ba, mutum takwas, maganar dattijo. Na ce ba wanda ya san rana, Yaya, masu binciken ma ba su rubuta yadda za a sani ba. Na ce ka dawo haka nan.

Ya saurara. Alamar ta nuna.

Juma'a

Shiru.

Asabar

Shiru. Na daka sakwara na kasa ci, na miƙa wa Anti ta katanga.

Lahadi, 27 ga Yuli, da yamma

Da na tura kalma bakwai ɗin nan.

Ina wanke-wanke na tsinci kaina ina tura baki ina hura iska. Fitonsa nake nema. Wani sauti ya fito kamar na butar da ta tsage. Na sake. Ban taɓa sanin abin da wuya haka ba, shi da yake yi yana tafe yana cin masara.

Talata, 29 ga Yuli, da hantsi

Anti ta ce lokacin fara awo ya yi, kuma ba za ta raka matar da mijinta bai sani ba. Ta ce, "Kin yi kwana da kwanaki kina zagin mutanen Sin don sun ɓoye mutum takwas. Ke nawa kika ɓoye?"

Na ce ɗaya ne tak.

"To ki kai rahoto."

Zanena ya fara matse ni, ko kuwa tunani ne.

Alhamis, 31 ga Yuli, bayan isha'i

Na je Beji. Bari in rubuta tun abin yana da zafinsa.

Na shiga motar safe tare da mata masu kayan kasuwa. Gonakin doya kore shar hagu da dama. Na tarar da Inna tana tsince shinkafa a tsakar gida. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni daga wuya zuwa ƙafa, ta sake dubawa, ta ajiye faifan a hankali. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce, "Yana ɗakin can. Ko ni sai ya sa ƙyallen nan yake buɗe mini."

Na yi sallama a ƙofar. Ya amsa ciki-ciki. Na ce ni ce. Ya ce, "Rashida, ki koma. Ba yanzu ba." Kusan wata guda rabona da muryarsa, ga ta a karkace, amma tasa ce.

Na ƙwanƙwasa. Shiru.

Ban san abin da ya shiga kaina ba. A gidan surukata, tana zaune tana kallona, na tura baki na yi fitonsa na kwanar mai masara. Rabi iska, rabi kukan ɗan tsako.

Inna ta ce, "La'ilaha illallahu! Mace? A gidana?"

Na sake, don na farkon bai kai ƙarshe ba.

Sai na ji wani abu daga ciki kamar tari. Dariya ce. Sakata ta zare. Yana tsaye ba takunkumi, ya manta da shi, yana cewa, "Wa ya koya miki wannan ta'asar? Kin kashe waƙar."

Na kalle shi sosai. Ya rame. Bakin yana nan a karkace, idon ya yi ja. Ya tuna, ya kai hannu zai rufe, na riƙe hannun. Duk kalaman da na tanada tun ina budurwa suka gudu. Ba lalle, ba atamfa, ƙafata duk taɓo. Na ɗora hannun nasa a cikina na ce, "Anti ta ce sai da kai za a fara awo."

Ya yi shiru, kamar yadda littattafai suka ce. Wannan kam sun faɗi gaskiya.

Sannan ɓangaren dama ya tashi gaba ɗaya, ido da kumatu da baki, har kunne. Na hagu bai motsa ba. Hawaye ne kawai ya gangaro ta nan, kuma na san idon yana zubar da ruwa ko ba dalili, amma na karɓa.

Daga baya Inna ta ce, "Sai ku tashi ku ba ni wuri. Kuma duk wanda ya koya wa jikana fito, ni da shi."

Asabar, 2 ga Agusta, da safe

Yana barci a ɗakinmu. Ni na manne idon jiya.

Mun yi magana a kan allurar. Ya ce zai koma wurin likita tukuna, sannan wataƙila ya gwada dattijon, tunda shi bai yi masa alkawarin ƙarya ba. Anti ta ce ba laifi, in dai allura sabuwa ce kuma ba a bar kula da ido ba. Ta ce in riƙa rubuta abin da na gani kowane mako, da mai daɗi da marar daɗi, don likita ya ji daidai.

To ga na yau. Gira ba ta motsa ba. Ido yana rufuwa rabi. Ruwa yana zuba in ya sha da kofi, ba ya zuba in ya sha a hankali. Loɓawar kumatu babu, ban san ko za ta dawo ba. Madubi yana kife, amma ya ce Litinin zai leƙa shago kafin Yona ya ƙarar da gemun unguwa.

Wanda ya daina zuwa: babu. Mu biyu muka fara, mu uku ne yanzu.